Goɗiyar Aron Yero

Ga ta nan, ga ta nan ku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

Shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar 'yancin kai a Dogon Dutsi, akwai wani Ba'are, Félix, mai koyar da addu'a a coci. Da ƙafa yake zagaya ƙauyuka har Ɗan Kassari. Amininsa Yero, Bafillace, ya dubi fason ƙafarsa, ya jawo masa goɗiyarsa.

"Riƙe ta habbanaye, Ba'are. In ta haihu, ɗan naka ne, ka maido mini uwar."

Haka Fulani ke ba da aron dabba, ga kuma wasan taubasantaka tsakaninsu da Arawa.

To, Félix manomi ne ɗan manomi. Abin da ya sani, in shuka ba ta fito ba, a koma a ƙara iri. Da goɗiya ta nemi namiji, ya kai ta gun ingarma, gobe ya koma, jibi ma haka. Wata ya zagayo, ba ciki. Ya ƙara ƙaimi. Sai ga ta tana zubar da ruwa mai kauri ta baya, tana rama. Maƙwabta suka ce aljana doguwa ce ta taɓa ta. Shi kuwa Félix tuwo ya daina wuce masa. Dabbar amana ce. Da wane ido zai maida wa Yero juya?

Matarsa Alheri ta ce, "Maigida, ɓoyon ciwo ba ya kashe shi. Kira mai ita."

Yero ya zo tare da Hilaire, likitan dabbobi. Hilaire ya wanke hannu, ya duba ta a natse.

"Malam Félix, kowace goɗiya jikinta na ɗaukar maniyyi kamar baƙo, ya taso masa, sannan ya lafa, ciki ya zauna. Wagga nata ba ya lafawa da wuri. Kafin kumburin mahaifa ya sauka, ka sake kai ta."

Félix ya sunkuyar da kai. "Ke nan ni na cuce ta."

Yero ya daɗe yana shafa wuyan goɗiyar, sannan ya yi murmushi.

"Ba'are, wa ya ce maka gonar hatsi na ba ka? Sake shuka sai ka ce fari sun ci."

"Tafi da abarka, Yero. Ban cancanta ba."

"Habbanaye ba ya komawa gida hannu banza. Kana so a yi mini dariya a ruga?"

Hilaire ya wanke mata mahaifa da ruwan magani, ya ce a bar ta ta huta har damina, sannan a kai ta sau ɗaya tak, a riƙa zagayawa da ita bayan nan. Félix ya koma tafiyar ƙasa, goɗiya na bin sa ba sirdi, yara na dariya.

Ciki ya zauna. Ta haifi duƙushi ja mai farin goshi, shi ya ɗauki Félix har tsufansa. Goɗiya ta koma ruga, ba ta sake haihuwa ba, Yero kuma bai taɓa tada zancen ba. Hilaire aka maida shi aiki garin Doso. Alheri ta ga jikoki.