Takalmi Ɗaya a Zauren Mainasara

Shekarar da aka gama yaƙin Bama, can ƙetaren teku, Turawa suka sallami sojojinsu, Mode ɗan Mainasara magini ya dawo Wurno da ƙafa ɗaya. Ya shige ɗakin da ke jikin zaure, ya saki asabari, wata huɗu ko masallacin ƙofar gida bai leƙa ba. Kunya yake ji, wai kada tsaransa masu ban ruwan albasa a fadama su gan shi yana dogara sanda. Abin ya ci wa uban rai ƙwarai, don ya san in aka ci gaba haka, ɗan nan ba zai fito ba sai a makara.

Mainasara bai iya lallashi ba, laka ya iya. A Wurno, in mutum ya yi abin a zo a gani, fuskar zaurensa ce ke faɗa: mai saukar karatu a zana masa allo, falke a zana masa ma'auni. Mai rai kaɗai ba a zanawa, malamai sun hana. Shekara talatin yana yi wa mutane, nasa zauren kuwa ko yaɓen kirki bai taɓa samu ba.

Sai ya kafa tsani, ya shafe bango da makuba, ya jiƙa farar ƙasa da ja da shuni. Jirgin ruwa irin wanda ya kwashi sojoji bai taɓa gani ba, don haka ya zana kwalekwalen Rima ya ɗora masa bene. A ƙarƙashi ya kwantar da galma biyu, ta Sodangi da ta Atiku, 'ya'yan unguwa da suka tafi tare da Mode ba su dawo ba. A tsakiya ya tsayar da takalmin soja mai girman ɗan maraƙi, na hagu, shi kaɗai.

Ranar kasuwa mutanen Rabah da Goronyo suka yi cincirindo suna kallo. Cikinsu har da Yari, wani mai kifi daga Goronyo wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Baba, wa ka sa takalmi guda?" in ji Yari. "Ku yi mai uzuri, jama'a, tsuhwa ta kama shi, ido ya tahi."

Aka bushe da dariya. Mainasara yana kan tsani, ransa na suya, ya ci gaba da zanensa. Can sai aka ji ƙarar sanda a cikin zaure. Mode ya fito cikin rigar kaki, ya rame, rana na kashe masa ido.

"Mi kac ce ma babana?" ya tambayi Yari. "Idonai lahiya lau. Ɗayan takalmin na Bama, da ƙahwata ciki. Can nib bar ta wurin ɗauko Sodangi, don ban yarda a bar shi ga daji ba. Ni ni yi mai salla."

Yari ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa kwandonsa. Mode ya juya ya daɗe yana duban bangon.

"Baba, ka mance ƙusoshin ƙasanai."

Mainasara ya sauko cike da murna, ya miƙa masa kaskon shuni. Sannan ya dubi taron, ya ɗaga murya yadda har na bayan layi za su ji.

"Ku matsa ku ba shi wuri. Ɗana na aiki."