Reshen da Yaya Ya Datse

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke, lambun furanninsa ya dawo hannuna da na Yaya. Ni ban ruwa kawai na iya. Yaya kuwa in ya riƙe almakashi, ko igiyar shanya sai ta yi hattara.

A bayan rumfa akwai wani ɗan itace a baho, dangin wardi ne amma ba ƙaya, furanninsa farare ƙanana kamar duwatsun wuya. Ko masu sayen fure ba su san shi ba. Baba ya sha wuya kafin ya samo reshe guda, kuma da yake saiwarsa ba ta son ƙasar lambunmu, sai ya yi masa aure: ya tsaga gindin wani ɗan'uwansa na jeji mai taurin rai, ya cusa reshen, ya ɗaure. Bai kai ga ganin furensa ba ciwo ya kwantar da shi. Kullum da safe nakan tura shi a keken guragu zuwa gaban bahon ya yi ta kallo.

Ran nan Yaya ya iske mu a wurin. Rassa biyu ne a jikin itacen, ɗaya kakkaura kore shar, ɗaya siriri, ganyensa tsilli-tsilli.

"Auta, wannan ƙanjamammen ne ke shanye masa ƙarfi," in ji Yaya.

"Yaya, mu bari mu tambaya."

"Mu tambayi wa?"

Baba ya fara dukan hannun keke da hannunsa mai lafiya.

"Kin gani? Cewa yake a yi sauri," in ji Yaya.

Ƙas! Ya datse siririn, ya wurga shi kan tarin yayi. Baba ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Na durƙusa gaban bahon. Sai a lokacin na ga tabon auren. Kakkauran daga ƙasan tabon ya fito, tohon na jejin ne. Siririn shi ne duk abin da Baba ya wahala a kai.

Na nuna wa Yaya. Almakashin ya suɓuce masa, ko salati ya kasa ƙarasawa. Haushi ya cika ni, amma ba lokacin faɗa ba ne, rana na ɗagawa, reshe kuma ba ya jira. Muka hau tarin yayin da hannu, ƙaya na yagar mu, har Yaya ya zaro shi, ganyen ya fara laushi.

"To wa ya iya auren?" ya tambaya.

Babu. Na ɗauko wuƙar Baba da leda, Yaya ya ɗago bahon ya ɗora wa Baba a cinya. Na sa wuƙa zan fere gindin reshen. Baba ya cafke wuyan hannuna, ya karkatar da wuƙar kaɗan, ya danna. Na fere. Ya nuna inda zan tsaga, ya riƙe da babban yatsa, na cusa, Yaya ya naɗe da leda.

Ɗaurin ya yi sako-sako. Baba ya kai masa duka a bayan hannu, irin wanda yake yi mana muna yara.

Yaya ya fashe da kuka, ya warware, ya sake ɗaurewa.