Barcin Lauya

A gidanmu ba a kwana da yunwa. Dokar Mama ce, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara. Mai tallan tsintsiya, direban da motarsa ta mutu a bakin titi, karen maƙwabta, duk wanda ya leƙo ƙofar Mama, Doña Herminia, sai ya ci wake da wainar masara kafin ya wuce. Shi ya sa duk shekara, da sanyi ya fara saukowa daga duwatsu, sai an yi rigima a kan Lauya.

Lauya ƙadangare ne. Baba ya tsinto shi yana ɗan mitsitsi a wurin fasa dutsen da yake aiki a bayan gari, ya kawo shi gida cikin hularsa. Irin na kan duwatsun nan ne masu ƙaton kai, jiki kore mai ɗigo-ɗigon fari, da baƙin ratsi biyu a wuya. Ratsin ne ya jawo masa suna. Baba ya ce ya ɗaure wuya kamar lauyoyin birnin Chihuahua, kuma kallon raini ma iri ɗaya suke yi wa talaka.

Da Baba ya bar aiki, sai Lauya ya zama aikinsa. Ya kewaye masa wuri a tsakar gida, ya zuba yashi, ya kafa faffaɗan dutse a inda rana take fara bugawa. Da hantsi zai fita bayan gida ya kamo fara da hula, ya barbaɗe su da dakakken ɓawon ƙwai don ƙashi ya yi ƙarfi. Ba ya miƙa masa a baki. Can ƙarshen shinge yake jefawa, sai ka ga Lauya ya miƙe a kan ƙafafunsa biyu na baya, wutsiya a sama, ya sheƙa a guje kamar wanda ya makara zuwa kotu. Ni da nake da aikina a birnin Juárez, babbar mace, in na zo hutu har yanzu sai na yi dariya.

Bayan ya ci, Baba zai ɗauke shi ya ɗora babban yatsa a gindin wutsiyarsa.

"Nan ne rumbunsa, Amparo," in ji shi. "In kin ji ƙashi, yunwa ce. In yatsanki ya nutse, to uwarki ce."

Gaskiyarsa. Mama takan tono fararen tsutsotsi masu maiƙo a juji, ta jira sai Baba ya tafi aski ko hira, ta zauna tana ba Lauya ɗaya bayan ɗaya.

"Tsohuwa, kin sake ba shi."

"Ni? Ina ruwana da ƙadangarenka?"

"To wa ya yi masa wannan teɓar? Jiya na jefa fara, kallona kawai ya yi, wai in kawo masa."

"Ai shi ya san ciwon kansa. Kai da kake ƙashi da rai so kake kowa ya koma kamarka."

Babbar rigimar ita ce ta Ranar Matattu. A ranar Mama takan shirya teburi da hotunan kakanni, da kyandir, da furanni ruwan ɗorawa, ta jera musu kofi da tamal, wato alalen masara da ake naɗewa a ganye, kowa da abin da yake so yana raye. A ranar kuma Baba yake ba Lauya fararsa ta ƙarshe. Daga nan sai ruwa da rana kawai, har cikinsa ya wofinta. Sannan ya sa shi a akwatin katako mai yashi, ya kai shi ɗakin ajiya mai sanyi, ba zai fito da shi ba sai ranar Waliyyi Yusufu, a watan Maris.

"Matattu na ci, mai rai na azumi," in ji Mama. "Wane irin gida ne wannan, Eleuterio?"

"Barci zai yi, tsohuwa. Haka danginsa suke yi a ƙarƙashin duwatsu. In ya kwanta da abinci a ciki, sanyi ba zai bar shi ya narke ba, ruɓewa zai yi. Ƙaunarki ce za ta kashe shi."

"To madalla. Kai da rowarka ku raya shi."

Sai ta shige kicin tana buga tukwane, shi kuma ya kashe mini ido. Ina kewar wannan faɗan fiye da yadda zan iya faɗa.

Ƙurar dutsen da Baba ya shaƙa shekara da shekaru ita ce ta biyo bashinta a ƙirjinsa. Da damina ya fara tari, kafin ta ƙare ya daina cin abinci. Babu abin da Mama ba ta dafa ba. Romon kaza, kunun masara da kirfa, naman da yake so da koren barkono. Faranti ya shiga, faranti ya dawo. In ta matsa masa sai ya riƙe hannunta.

"Bar ni in ɗan yi barci, tsohuwa. In na tashi zan ci."

Muka binne shi a watan Satumba. Na so Mama ta biyo ni Juárez, ta ce wa zai kula da kaji, wa zai kula da wancan mai ɗaurarren wuyan. Na koma ni kaɗai.

Da na dawo Ranar Matattu, shingen tsakar gida ba kowa. A kicin na sami Lauya, cikin kwali, dab da murhu. Da ƙyar na gane shi. Ya kumbura, wuyansa ya yi ninki har ratsin ya ɓuya, korensa ya dusashe. Ga faranti a gabansa cike da tsutsotsi suna motsi, ko kallonsu ba ya yi.

Ni kuwa na gaji saurin fushi, ban san daga wa ba, don kowannensu yana cewa daga ɗayan ne.

"Mama, wannan mene ne? Ƙadangare ne ko alade? Kuma me yake yi a bakin wuta?"

"Ya daina ci," ta ce. Ba ta juyo ba, tana ta naɗe tamal. "Tun makon jiya. Haka ubanki ya fara."

"Ba ciwo yake ba. Lokacinsa ne ya yi, barci yake nema. Sau nawa Baba ya faɗa?"

"Ke me kika sani? Kin taɓa zama kina kallon cokali yana dawowa yadda kika ɗebo shi?"

Ban taɓa ba. Ina Juárez a yawancin kwanakin nan.

Da rana muka je makabarta, muka share kabarin, muka zuba furanni. Muka dawo ta ɗora hoton Baba a teburi kusa da na iyayenta, wanda ya ɗauka da hularsa a karkace. Ta ajiye masa tamal har huɗu da kofi mai sukari da yawa. Ta daɗe a tsaye tana gyara farantin da ba ya bukatar gyara.

Washegari da safe wata ƙarar karce-karce ta kai mu kicin. Lauya ne a kusurwar kwali yana tono, yana cusa kai, yana neman inda zai shige. Kwali ba yashi ba ne. Ya goge bakinsa har ya yi ja.

Wannan karon na sassauta murya. Na ce mata in ta bar shi a ɗumi ba zai ci ba, kuma ba zai yi barci ba, haka zai yi ta ƙone abin da ya tara har ya ƙare. In kuma ta ɗura masa abinci ta kai shi sanyi, ta san sauran.

"Ƙadangaren bakin tulu ke nan," in ji ta, ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai zuci ba.

Ta sunkuya ta ɗauke shi. Sai na ga ta juya shi ta ɗora babban yatsa a gindin wutsiyarsa, daidai inda Baba yake ɗorawa, har da ɗan karkata kan da yake yi.

"Kina tsammani ban iya ba ne, 'yata? Duk shekara ta taga nake kallonsa. Na san zurfin yashin, na san inda yake ajiye murfin kwalbar ruwa, na san tsumman da yake toshe ƙasan ƙofa da shi in an yi ƙanƙara. Ba rashin sani ba ne." Ta shafa bakin da ya goge. "Na rufe akwati ɗaya bana, na ubanki. Ba na jin zan iya rufe na biyu."

Na ce to ta bari in nemi hutu in dawo in yi.

"A'a. Ni ya bar wa."

Ta tsaya tana kallon farantin tsutsotsin. Sannan ta ɗauka, ta buɗe ƙofar baya, ta watsa wa kaji.

"A ce a gidana za a kwana da yunwa," ta faɗa, ba da ni take ba. "A ce a gidan Herminia."

Sauran ita kaɗai ta yi. Ta mayar da shi kan dutsensa yana shan hantsi, ruwa kawai take ba shi, tana shigar da shi in rana ta faɗi. Maƙwabciyarmu ta gaya mini daga baya cewa a makonnin nan Mama a ɗaki take cin abinci, ta rufe ƙofa, wai kada ya gan ta. Da lokaci ya yi ta kira ni a waya.

"Na kai shi."

"Lafiya dai?"

"Da kansa ya shige yashin. Ko waiwaye bai yi ba, marar kunya."

Sanyin shekarar ya yi tsanani, har dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu. Duk ranar Lahadi in na kira, kafin gaisuwa ta ƙare za ta ce ta leƙa shi, ta canja ruwa, yana nan kamar guntun itace. Wani lokaci ta ce kamar ta ga haƙarƙarinsa ya motsa. Wani lokaci ta ce ba ta ga komai ba, sannan ta tambaye ni ko ina cin abinci. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na san in akwatin nan bai buɗu da rai a ciki ba, ni na sa ta, kuma ba ƙadangare kaɗai za mu rasa ba.

Na iso gida ana gobe ranar Waliyyi Yusufu. Da hantsi Mama ta fito da kujerar Baba ta ajiye a inda yake zama, ta kawo kofi uku. Na ɗauki nawa. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito rungume da akwatin, ta durƙusa, ta share yashin da yatsu a hankali.

Ya yi toka-toka, ya sandare, idanu a rufe. Teɓar ta tafi, ratsin wuyansa ya fito sarai. Ta shimfiɗa shi a kan dutse ta koma gefe.

Rana ta yi ta hawa. Kaji suka zo suka wuce. Kofina ya huce a hannuna. Mama ta harɗe hannuwa a ƙirji, leɓɓanta na motsi, ban sani ba ko addu'a take ko faɗa.

Can sai gefen cikinsa ya ɗaga, ya sauka. Ido ɗaya ya buɗe. Aka jima ya ja ƙafa, ya baje jikinsa a kan dutsen yana shan zafi, koren yana dawowa kaɗan-kaɗan daga baya zuwa wutsiya. Sannan ya ɗaga wannan ƙaton kan, ya yi mana kallon rainin nan nasa, ya gyaɗa shi sau biyu.

Mama ta tsoma yatsa a ruwa ta ɗiga masa a baki, ya lasa. Ta taɓa gindin wutsiyarsa, ta karkata kai.

"Da saura a rumbun," ta ce. "Gobe sai a fara da gyare ɗaya. Kuma can ƙarshe za ki jefa, Amparo, ya tashi ya nema."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta kakkaɓe yashin siket ɗinta, ta juya wajen kujerar.

"Ka gani, tsoho? Shi da ya ce barci zai yi, ga shi ya tashi. Kai fa?"

Ta ɗan tsaya kamar mai jiran amsa. Sannan ta ɗauki kofin nasa da ya huce, ta koma da shi kicin ta ɗumama.