Mbah Kasiran Zai Fito a Talabijin

Cokali na huɗu ke nan Darsih ta kai bakin tsoho Mbah Kasiran yana kau da kai, sai ta ji sallama daga waje da ƙarar ƙafa a cikin ruwa.

"Shigo," ta ce, "amma ka naɗe wando. Na cikin ɗakin ya fi na waje zurfi."

Baƙon ya riga ya naɗe. Ya shigo riƙe da takalmansa a hannu, farar rigarsa ta sha guga. Tun da sassafe teku ta cika ta malalo unguwar Tambak Wuni, kamar yadda take yi kusan kullum yanzu, har ruwa ya rufe idon sawu a ɗakin. Gadon tsohon a kan bulo yake, bulo uku a kowace ƙafa. Jumadi, mijin Darsih, shi ya ƙara na ukun a bara.

"Sunana Handoyo," in ji baƙon. "Daga kwamitin tunawa da marigayi tsohon Shugaban Ƙasa nake. Ranar Asabar yake cika shekara goma da rasuwa, za mu yi taro a babban zauren birni. An ce mana akwai wanda ya taɓa zama da shi a nan."

Ya miƙa hannu zai gaisa. Da ya ga dungun da kuturta ta bar wa tsohon, sai hannun ya canja hanya ya koma kan ƙirjinsa. Mbah Kasiran ya gani, ya yi dariya har ta zame masa tari.

"Ba shi kujera, Nduk," ya ce wa Darsih. Shekararta arba'in da huɗu, tana da jika, amma har yau da sunan 'yar yarinya yake kiranta. Bango ɗaya ne tsakanin gidajensu, kuma tun da matarsa ta rasu ita ke kawo masa abinci.

Handoyo ya zauna a bakin kujerar, ya fito da waya zai ɗauki murya.

"Mbah, an ce da Shugaba ya ga halin da kuke ciki sai da ya zubar da hawaye."

"Wa ya ce? Ƙarya ne. Dattijo bai yi kuka ba, tsiya ya yi mini." Tsohon ya gyara kwanciya. "Lokacin waya ce zagaye da unguwar nan, mai ƙaya. Ko kuɗinmu 'yan kasuwa ba sa karɓa da hannu, sai mu jefa a kwanon ruwa. Ran nan sai ga motoci. An shirya masa rumfa can wajen waya, don ya tsaya ya ɗaga mana hannu ya tafi. Bai ko kalli rumfar ba. Ya shigo, ya cire takalmi a ƙofar nan, ya zauna a ƙasa. Ina shan shayi a kofin gwangwani. Ya ce, 'Malam, haka ake yi a garinku, baƙo ya zo ana sha ana kallonsa?' Ya ɗauki kofin ya kurɓa."

"Kofin da ka sha?"

"Inda na sa baki. Na ga fuskar likitansa ta koma kamar wanda ya haɗiye ƙayar kifi. Sai Dattijo ya yamutsa fuska ya ce, 'Kai, wannan ba kuturta ce ke damunka ba, rowar sukari ce.'"

Darsih ta ji labarin nan ya fi sau ɗari, amma ta yi murmushi. Tana wurin ranar, tana 'yar shekara tara, ita da Lastri 'yar Mbah Kasiran suna leƙe ta taga.

"Ya tambaye ni me nake so. Na ce 'yata lafiyarta ƙalau, amma makaranta ta ce ba ta ɗaukar 'ya'yan kutare. Ya sa takalminsa ya tafi. Bayan sati biyu aka cire wayar. Aka gina gidajen nan da ɗakin shan magani. Yaranmu suka shiga aji. Ga ɗaya nan, sai dai ita ba ta koyi komai ba sai faɗa."

"Na koyi dafa kunun da kake ƙi," in ji Darsih.

Handoyo ya ce abin da suke nema ke nan. Za su aiko da mota ƙarfe takwas, Mbah ya yi minti biyar a gaban jama'a. Darsih ta buɗe baki za ta ce mutumin da kwana shida bai tashi zaune ba ina zai je, sai tsohon ya riga ta.

"Za a nuna a talabijin?"

"Duk ƙasa za a gani, Mbah."

"Har Surabaya?"

"Har Surabaya."

"To zan zo. Amma kada ku rubuta sunan unguwa. Ku nuna fuskata kawai."

Darsih ta sunkuyar da kai kan kwanon. Ta san abin da ke Surabaya. Lastri ta yi karatu har ta zama malamar makaranta, ta auri ɗan manyan mutane. Kafin auren ta zo ta durƙusa a ɗakin nan tana kuka, ta ce in dangin mijin suka san 'yar wa ce, an fasa. Mbah Kasiran da bakinsa ya ce ta faɗa musu iyayenta sun mutu tun tana ƙarama. Shekara goma sha tara ke nan. Tana da 'ya'ya uku, bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Da baƙon ya tafi ya buɗe baki da kansa.

"Kawo kunun."

Ya sha cokali bakwai. Na takwas ya dawo.

Ran Laraba ma'aikaciyar lafiya ta zo, ita da take zagayowa sau ɗaya a sati tun da ruwa ya ci ɗakin shan maganin. Ta saurari ƙirjinsa, ta danna ƙafarsa da ta kumbura, sannan ta ja Darsih waje.

"Zuciyar ta gaji, Malama. Ko asibiti aka kai shi, kwanciya kawai zai canja. Ku ba shi abin da yake so."

"Asabar yake so."

Matar ta kalli ƙofar.

Ran Alhamis da hantsi, lokacin da ta san mijin Lastri ya fita aiki, Darsih ta tsaya bayan gida ta kira lambar da take ɓoye da ita. Sai a kira na uku aka ɗauka.

"Na ce miki sai in ya zama dole," in ji Lastri, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ya zama. Babanki na tafiya, Lastri. Awa shida ce a mota."

"In ce musu ina zan je? Surukata tana gidan nan, babbar 'yata an sa mata rana wata mai zuwa. In abin ya fito yanzu, ita ma an fasa. Kin san mutane."

"Na san mutane. Shi ma na san shi."

Darsih na jin numfashin Lastri.

"Yana tambayata?"

"Ko sau ɗaya. Amma ya sa an wanke masa rigar Idi. Ran Asabar da safe ki kunna talabijin, taron tunawa da Dattijo. Ki tara yaran su zauna. Ba sai kin ce musu komai ba."

"Darsih..." Sai wata murya ta kira daga cikin gidan, layin ya yanke.

Ta daɗe a tsaye tana kallon bangon gidan Mbah Kasiran, inda gishiri ya cinye siminti har bulo ya fito. Ta yi tunanin ta hau mota ta je ta buga ƙofar Lastri, ta faɗi gaskiya kowa ya ji. Sai ta tuna yarinyar da aka sa wa rana, wadda ba ta san komai ba. Ta koma ciki ta ɗora ruwan zafi.

Ran Asabar ruwa ya fi na kowace rana. Jumadi ya yi wa tsohon aski, Darsih ta sa masa rigar Idin, ta yadin batik mai ruwan ƙasa, ta ɓalla masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Rigar ta yi masa yawa kamar ta aro.

"Yaya na yi?" ya tambaya.

"Kamar ango."

"To kada mijinki ya yi kishi."

"Ɗauke ta, Mbah," in ji Jumadi. "Zan haɗa maka da tukunyarta."

Mota ba ta iya shigowa unguwar, don haka Jumadi da maƙwabta uku suka ɗaure kujerar roba a kan gora biyu, suka ɗora shi, suka saɓa a kafaɗa. Ruwa har gwiwa. Darsih na biye da lema da gorar shayi. Mata suka fito bakin ƙofa suna yi masa kirari, wata tsohuwa ta ce ya gaya wa manya teku ta cinye abin da Dattijo ya gina. Ya ɗaga mata dungunsa.

Kafin takwas suna rumfar bakin titi. Takwas ta wuce. Tara ta yi. Darsih ta kira Handoyo, ya ce direba ya tsaya ɗauko wasu baƙi daga filin jirgi, yanzun nan zai iso. A bayan muryarsa tana jin ana gwada lasifika.

Rana ta yi zafi. Mbah Kasiran ya daina magana. Leɓensa na motsi, da ta matso sai ta ji yana bitar abin da zai faɗa. "Ya cire takalmi. Ya zauna a ƙasa." Ta jiƙa bakin mayafinta da shayi ta shafa masa a leɓe.

"Nduk."

"Na'am, Mbah."

"In sun tambaye ki, ki ce mutumin kirki ne. Ya yi iyakar nasa. Wayar da ya iya cirewa ya cire."

"Kai za ka faɗa musu da bakinka."

Ƙarfe goma saura kwata motar ta iso, baƙa mai sheƙi. Direban ya fito da sauri yana ba da haƙuri. Ya kalli tsohon, ya kalli hannayensa da ƙafafunsa, ya ɗan tsaya. Sai ya zagaya ya buɗe bayan mota, ya ɗauko wata babbar leda ya fara shimfiɗawa a kujerar baya.

"Me ke nan?" in ji Jumadi.

"Saboda jiƙa ne, Malam. Motar ofis ce."

"Ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba. A kafaɗa muka kawo shi. Shekara talatin da warkewarsa!"

"Ni dai aikina nake yi."

Muryoyi suka tashi. Darsih ta juya ta ce wa Mbah Kasiran kada ya kula su. Kansa ya ɗan karkata zuwa kafaɗa, idonsa a buɗe yana kallon titi. Ta kira shi. Ta sa tafin hannu a ƙirjinsa, ta bar shi a wurin, tana jira. Mazan na ta musu, direban na ta gyara gefen ledar.

"Jumadi," ta ce. Bai ji ba. Ta sake, "Jumadi. Ku bar shi. Ba inda za a je."

Direban ya tsaya da ledar a hannu. Ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta. Darsih ta shafa idanun tsohon ta rufe, ta ɗaure masa haɓa da mayafinta. Suka sake saɓa kujerar suka koma ta hanyar da suka fito. Matan da suka raka shi da kirari suna nan a bakin ƙofofinsu. Da suka ga mayafin, ba wadda ta tambaya.

Maƙabartar unguwar ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, sai a kwale-kwale aka kai shi tudun da ke bayan gonakin kifi, aka binne shi bayan azahar. Handoyo ya aiko da saƙon ta'aziyya, ya ce sun yi shiru na minti ɗaya a zauren, sun kuma karanta labarin kofin shayin. Ya ce mutane sun yi dariya, wasu sun yi kuka.

Da la'asar ruwa ya janye ya bar taɓo. Maza suka shimfiɗa tabarmi a kan benci a ƙofar gidan mamacin suka fara addu'a. Darsih ta shiga ɗakin ta zauna a bakin gadon, ta kira Surabaya. Wannan karon bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ya rasu," ta ce. "Da hantsi, a bakin titi. Bai sha wuya ba. Mun kai shi."

Ta ji ƙarar kwanuka, da muryoyin mutane kusa.

"Ba nan ba ne," in ji Lastri da ƙarfi, da muryar da ake yi wa baƙo. "Kin yi kuskuren lamba."

Amma ba ta kashe ba. Darsih ta duba wayar, ta ga daƙiƙu na ci gaba da tafiya. Ta tashi ta je bakin taga, ta miƙa hannunta da wayar waje wajen masu addu'a.

Can cikin wayar wata ƙaramar murya ta ce, "Mama, waye?"

"Ba kowa. Je ki ci abincinki."

Hannun Darsih ya gaji, ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan. Mazan suka shafa, suka soma wata surar. Layin yana buɗe.