Idon Altine

"Cije haƙoranki, Inna," in ji Istifanus, malamin asibiti, bayan ya gama warware bandejin.

Altine ta cije. Fatar idonta na dama ta ɗan motsa, ta tsaya a rabi.

Tun da kuturta ta kashe mata gefen fuska, idon nan bai ƙara rufuwa ba. Magani ya kori cutar, amma ƙuda na sauka a kan idon, ƙaiƙayi na faɗawa in tana shiƙa. Da lokotoro, wato likita, ya ce in aka bar shi haka zai makance, mijinta Ladan ya ɗauko ta daga Kona, ko da yake a wannan shekarar damina ta ƙi, sojoji kuma sun fara rabon jar dawa, ba sa ba wanda ba ya nan. A asibiti aka jawo wani zare daga naman da ake tauna da shi, aka ɗinke shi a fatar idon.

"Bai yi ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Mun bar rabonmu a banza."

"Ya yi, koyo ne ya rage," in ji Istifanus. "Naman tauna ne, sai da tauna zai saba. Ki yawaita."

Ladan ya yi dariya marar daɗi. "Malam, a bana me za ta tauna? Kunu muke sha, shi ma tsararo."

Bai jira amsa ba ya fita. Da ya dawo, ƙafafunsa duk ƙarangiya, ya kwance bakin rawaninsa ya zuba mata ƙaro a tafin hannu. A dajin bayan asibitin ya ɓanɓaro shi.

Ta jefa ɗaya a baki. Duk taunawa sai idon ya ƙifta. Matan da ke kwance a ɗakin suka fashe da dariya, wata ta ce, "Tsohuwa, wa kike kashe wa ido?"

Altine ma ta dara. Sai ta tattara ƙarfinta ta datse ƙaron da turamen haƙori. Idon ya rufe ruf.

Ta daɗe a haka har Ladan ya tsorata, ya taɓa kafaɗarta.

"Altine, maƙalewa ya yi?"

Ba ta saki haƙoran ba. Ta tsakaninsu ta amsa masa:

"Ƙyale ni, Maigida. Na yi kewar duhu."