Mai Kife Takalma

Tun da Kofur ya ajiye kaki ya kama rubuta labarin yaƙi, bai taɓa shirga ƙarya ba sai a kan Dogo. A zahiri Dogo, abokin raminsa, a bakin wata gada ya cika, kansa bisa cinyar Kofur. A littafin kuwa ya tsallakar da shi gadar, har ya ɗora masa tumbi.

Dogo yana da wata ɗabi'a a daji. Duk inda suka yada zango sai ya kife takalman Kofur saboda kunama, yana tsokanarsa: “Kai in ba ni, ƙwaro ne zai kashe ka, ba harsashi ba.”

To, tun ranar da ya rayar da shi a takarda, kullum ya fito sai ya tarar da takalmansa a kife a bakin ƙofa.

“Ke ce kike kife min takalmi?” ya tambayi matarsa.

“Ni? Baban yara, aikin ne ya yi min kaɗan?”

Bai ƙara tambaya ba. Ya dai riƙa ajiye kujera biyu a ɗakin rubutun.

Sai editansa ya bugo waya. “Ranka ya daɗe, littafin ya yi, amma wannan Dogon naka ya cika sa'a. Kowa ya faɗi a gadar sai shi? Kai da ka je yaƙi ka fi ni sani. Kashe shi.”

“Ai an kashe shi sau ɗaya.”

“Na'am?”

“Ba komai.”

Da rana tsaka ya zauna ya rubuta gaskiyar: ƙarar, ƙurar, nauyin kan a cinyarsa. Babin bai taɓa kyau haka ba. Ɗakin ya yi tsit, har fankar ta daina kukanta.

Ya fito zai sha iska. Takalman suna zaune daidai, baki sama. Har ya ɗaga ƙafa sai ya fasa, ya ɗauki na dama ya zazzage. Wata baƙar kunama ta faɗo, ta bi gindin bango ba ko gaggawa.

Kofur ya koma ciki, ya ja layi ya soke babin tun daga sama har ƙasa.

Bai ɗaga biron ba ya ji motsin takalma a bakin ƙofa, ana kife su a hankali. Ɗaya. Sannan ɗayan.