Kafaɗar Matar Kafinta

Ta zura hannu ƙarƙashin hammatar mijinta za ta ɗaga shi daga keken asibiti zuwa gadon gashi, sai kafaɗarta ta dama ta ƙi. Ta cije leɓe, ta sake gwadawa da ta hagu. Kafinta ya hau gadon da ƙyar, ƙafarsa ɗaya tana ja a ƙasa.

Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Duk Talata sukan zo wannan ɗaki mai labule kore, inda likitar gashi take matsa masa hannu da ƙafa tana koya masa riƙe cokali.

Yau likitar ba ta fara da shi ba. Ta tsaya tana kallon matar.

"Mama, ɗaga min hannun nan sama."

"Ni lafiyata ƙalau, 'yata. Ga mara lafiya nan."

"Na gan shi. Ɗaga dai."

Hannun ya tashi zuwa daidai ƙirji ya tsaya. Likitar ta zaunar da ita a ɗaya gadon, ta sa babban yatsa tana bin naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa a hankali, har ta taɓa wani wuri. Matar ta zabura.

"Nan ne. Naman ya dunƙule kamar ƙulli. Tun yaushe?"

"Kwana biyu ne."

"Kwana biyu na gaskiya, ko na mutanenmu?"

Ta yi ɗan murmushi. "Ya kai wata uku."

Kafinta ya juyo da kai daga kan matashi. Bai san da wannan ba.

"Wa yake taya ki ɗaga Baba? Wanka, bayi, juyi a gado?"

"Ni ce. Ba ya son kowa ya gan shi a haka." Ta faɗe shi a hankali, ba da sigar ƙara ba.

Likitar ta shafa mai a tafin hannu ta fara tausa, tana dannawa tana saki. Bayan ɗan lokaci ta goge wurin da auduga, ta ɓare wata takarda ta fito da allura siririya kamar gashin kai.

"Wannan babu magani a cikinta. Ƙullin kawai za ta taɓa, naman ya yi motsi ya saki. Za ki ji ɗan tsami yau da gobe. Kin yarda?"

"Allura babu magani?" in ji Kafinta, harshensa yana ɗan nauyi. "Ai ƙusa ke nan. Da kin ce in zo da gudumata."

Duka suka yi dariya. Matar ta kwanta rub da ciki. Da allurar ta shiga, naman kafaɗar ya harba sau biyu, ana gani da ido. Yatsunta suka damƙe zanen gado. Kafinta ya daina dariya. Yana kallon bayan wuyan matarsa, inda furfura ta leƙo ƙarƙashin ɗankwali.

Da aka gama ta tashi zaune ta ɗaga hannun. Ya wuce kunne kaɗan. Ta sauke, ta sake ɗagawa, kamar ba ta yarda da shi ba.

"Zai yi sauƙi," likitar ta ce, tana jefa allurar a kwalin da aka tanada. "Amma in kika ci gaba da ɗaukar mutum ke kaɗai, nan da sati biyu ya dawo, kuma zai fi haka. Ba na son ganin keke biyu a ɗakin nan."

Sannan ta juya ga Kafinta, ta yi masa nasa gashin. Yau bai yi mita ba ko sau ɗaya.

Wani ma'aikaci ne ya mayar da shi kan keke. Matar ta tura shi har inuwar da ake jiran mota, ta gyara masa hula.

"Ɗauko wayar nan," ya ce. "Kira min ƙanina."

Ta dube shi. "In ce masa me?"

Ya shafa hannunsa da ya shanye da mai lafiyar.

"Ce masa ya zo gobe da safe. Ya sa tsohuwar riga, wadda ba zai ji haushi ba in ta jiƙe."